Kayan Adon Gargajiya na Al'ummar Umatilla

Umatilla al'umma ce daga cikin 'yan asalin Amurka, mazauna gaɓar Kogin Kolumbiya a arewa maso gabashin jihar Oregon, kuma harshensu reshe ne na Sahaptin. Bayan yarjejeniyar Walla Walla ta 1855, gwamnatin Amurka ta haɗa su da maƙwabtansu Cayuse da Walla Walla a keɓaɓɓen yanki guda kusa da garin Pendleton. Auratayya da zaman tare sun sa da wuya a raba adon wannan da na wancan. Kayan da suke sawa ranar ibada ko bikin suna dukiyar gida ce: kaka ta ɗinka, jika ta gada, ana gyarawa ana ƙari, kuma har gobe ana sa su.

Rigar mata

Tsohuwar rigar mace daga fata biyu ake yin ta, ta barewa ko ta ragon dutse. A kankare gashin, a jeme fatar da ƙwaƙwalwar dabbar, a yi ta murza ta da hannu har ta yi laushi. Wadda ake so ta jure ruwa sai a turara ta da hayaƙi. Wajen ɗinki, ɓangaren wutsiya ne ke komawa sama, a naɗo shi ya zama wuyan riga, a bar guntuwar wutsiyar tana reto a ƙirji. Mai ɗinki ba ta cika yanke fatar ba, shi ya sa gindin rigar ke bin siffar dabbar. Daga kafaɗa zuwa kafaɗa ake jera duwatsun ado layi-layi, layukan su lanƙwasa su kewaye wutsiyar, sannan geza ta sauka a gefe da ƙasa. Riga irin wannan tana da nauyi ƙwarai, kuma aikin watanni ce.

Da yadi ya samu, sai aka fito da riga mai buɗaɗɗen hannu kamar fiffike, ta ulu ko ta auduga, wadda ake ɗaure wa ɗamara. Wasu ana yi musu ado da haƙoran babbar barewar nan da ake kira elk. Haƙora biyu kacal ake samu na ado a bakin kowace dabba, don haka riga mai ɗimbinsu shaida ce ta gidan mafarauta.

Abin da ya fi bambanta macen wannan yanki da ta sauran ƙabilu shi ne hular saƙa mai tsayi marar baki. Da zaren wata ciyawa mai kama da rama ake saƙa ta, a fitar da zane mai hawa da sauka da busasshiyar ciyawa ko ɓawon masara. Da irin wannan saƙa ake yin shimfiɗaɗɗun jakunkuna, waɗanda a da ake adana busassun saiwoyi a ciki, yanzu kuma ake riƙewa a hannu wajen taro.

Maza da dawaki

Namiji kan sa rigar fata, bante, suturar ƙafa daga cinya zuwa idon sawu, da takalmin fata mai laushi. Yana naɗe kitsonsa biyu da fatar karen ruwa. Masu rawa kan ɗaura tukku na gashin beguwa da na wutsiyar barewa, hular gashin mikiya kuwa ta shugabanni ce da waɗanda suka yi yaƙi.

Doki ya iso yankin a farkon ƙarni na 18, kuma tun daga nan ya shiga cikin ado. Ana yi masa abin ƙirji, shimfiɗar sirdi, wani lokaci har abin rufe fuska, duk da aikin duwatsu. A bikin Pendleton Round-Up, gasar hawan dawaki ta shekara-shekara da aka fara a 1910, iyalai kan kafa ɗaruruwan bukkokin gargajiya su fito hawa da kayan kakanninsu.

Fatauci

Kayan kansu suna nuna hanyoyin ciniki. Siraran fararen ƙwanson teku da ake jerawa a wuya da kunne daga gaɓar tsibirin Bankuba (Vancouver) na ƙasar Kanada suke zuwa, ta kasuwar Celilo, wurin kamun kifin da madatsar ruwa ta The Dalles ta nutsar a 1957. Duwatsun gilashi kuwa daga Benis da Bohemiya a Turai suka fito, irin waɗanda fataken Turai suka kawo Afirka ta Yamma. Cibiyar cinikin gashin dabbobi da aka kafa a bakin Kogin Walla Walla a 1818 ta sauƙaƙa samunsu, har suka ture adon ƙayar beguwa da ake yi a da. Daga baya mata suka ƙware wajen zana furanni, dawaki da tsuntsaye da duwatsun. Bargunan masaƙar Pendleton, wadda iyalin Bishop suka buɗe a 1909, su ma sun zama kayan yafawa da na kyauta.

Ibada da doka

A addinin Washat, wanda ake kira na Ganguna Bakwai, akwai bukukuwan godiya kan abincin farko: ruwa, kifin salmon, naman barewa, saiwoyi da 'ya'yan itacen daji. Matan da suka haƙo saiwoyin kan shiga dogon zauren ibada da rigunansu da hulunan saƙa, su ne kuma ke jera saiwoyin da 'ya'yan itacen. A nan ake ganin ainihin aikin kayan, fiye da filin kallo.

Tsofaffin hotuna na buƙatar taka-tsantsan. Lee Moorhouse, wanda ya taɓa zama wakilin gwamnati a yankin, ya ɗauki dubban hotunan mutanen, amma yakan sa wa wasu kaya daga tarin da ya mallaka, har a ga abu ɗaya a jikin mutane daban-daban. Cibiyar al'adu ta Tamástslikt, wadda ƙabilun uku suka buɗe a 1998, tana baje kayan da bayanin masu su.

Dokar tarayya ta haramta mallakar gashin mikiya, sai ga 'yan ƙabilun da gwamnati ta amince da su, waɗanda ke neman sa daga wata ma'ajiya a jihar Kolorado, galibi bayan dogon jira. A 2021 jihar Oregon ta kafa dokar da ta ba ɗalibai 'yan asali damar sa kayan gargajiyarsu ranar bikin kammala makaranta.