Me ya sa tsallen Mario bai tsufa ba?

Wane irin wasa ake nufi da wasan tsalle-tsalle?

Wasan bidiyo ne da ɗan wasa ke gudu yana tsallaka ramuka, yana dira a kan dakali, yana kauce wa abokan gaba. Donkey Kong na kamfanin Nintendo, wanda Shigeru Miyamoto ya tsara a 1981, shi ya fito da salon fili. Super Mario Bros. ya biyo baya a Japan a 1985 da matakai 32, aka sayar da kaset sama da miliyan 40. Kamfanin Sega ya mayar da martani da wasan Sonic a 1991, ya jingina komai a kan gudu.

Zanen ya tsufa, to me ke riƙe mutane har yanzu?

Tsallen ne. Ka taɓa maɓallin A ka saki, Mario ya ɗan ɗaga. Ka danne shi, ya yi sama sosai. Ka haɗa da B yana gudu, tsallen ya ƙara nisa. In ka saki maɓallin tafiya ba ya tsayawa cak, sai ya ɗan zame, kamar mai nauyi a jiki. Maɓalli biyu kacal, amma yatsa na iya shekara yana ƙara gwanancewa. Shi ya sa in ka faɗa rami ba ka zargin na'ura, ka san hannunka ne ya yi gaggawa, sai ka ce bari in sake.

Dubi matakin farko. Babu rubutun koyarwa ko ɗaya. Goomba, wani ƙaramin abokin gaba, na tahowa a fili, dole ka koyi tsalle. Ka bugi tubali da ka, naman kaza ya fito, ya gangara, ya bugi bututu ya dawo kanka. Tubalan da ke sama sun rage maka wurin tsallakewa, sai ya taɓa ka, ka ga ka girma. Nan take ka gane wannan abin alheri ne. A ganina har yau ba a yi darasin da ya fi wannan tsafta ba.

Yaya suka yi da ƙarancin wuri?

Kaset ɗin gaba ɗaya kilobayit 40 ne, bai kai hoto ɗaya na wayar yau ba. Gajimare da ciyayi zane ɗaya ne, launi kawai aka sauya. Tafiyar Goomba hoto ɗaya ne ake juya shi hagu da dama. Hula da gashin baki kuwa tun Donkey Kong aka sa wa Mario su, don zana gashi da baki a 'yan ɗigogi ya yi wuya. Na'urar wasan, wato Famicom ta Japan ko 'yar uwarta NES ta Amurka da Turai, ba ta iya nuna ƙananan zanuka masu motsi fiye da 8 a layi ɗaya, shi ne dalilin ƙyaftawar da ake gani in abokan gaba sun yi yawa.

Ina tasirinsu a wasannin yau?

Shovel Knight na 2014 ya ɗauki kamannin tsoffin wasannin da gangan. Celeste na 2018 ya ɗauki darasin tsalle ya ƙara sassauci: ko ƙafarka ta bar bakin dakali da ƙiftawar ido, tsallen zai karɓu.

Na kunna a sabuwar talabijin, tsallen na makara. Me ya faru?

Wasan na sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa. Tsohuwar talabijin mai ƙeya tana nunawa nan take, ta zamani kuwa sai ta gyaggyara hoton tukuna, ta jawo jinkiri. Shiga saitin hoto ka zaɓi yanayin wasa, ka kashe abin da ke sulɓanta motsi, ka yi amfani da hannun wasa mai waya.

Akwai kuma bambancin tsari. A zamanin waɗannan na'urori, Najeriya da yawancin Turai na kan tsarin talabijin na PAL, sau 50 a daƙiƙa, Japan da Amurka na kan NTSC, sau 60. Wasan da ba a daidaita ba yakan rage sauri da kusan kashi ɗaya cikin shida. Sonic na farko a na'urar Turai haka yake, har kiɗansa ya fi nauyi.

Kaset ya ƙi tashi, in hura masa iska?

A'a. Danshin baki na sa haƙoran kaset tsatsa. Cirewa da mayarwa ne ke sa ya tashi, ba hurawar ba. Jiƙa auduga mai tsinke da sifirit irin na masu gyaran waya, ka goge haƙoran gefe biyu har audugar ta daina baƙi, ka bari ya bushe. Kaset ɗin Famicom haƙora 60 ne, na NES 72, ba sa shiga juna sai da mahaɗi.

Ka kula da wuta. Adaftar Famicom ta Japan ta wutar volt 100 ce, tamu kuwa 230, in ka soka kai tsaye za ta ƙone. Kada kuma ka sa wa Famicom adaftar NES, don irin wutar da take fitarwa daban ce, tana iya lalata na'urar.