Sauya furosesar kwamfutar tebur

Furosesa ita ce 'yar na'urar da ke yin duk lissafin kwamfuta. A kwamfutar tebur zaune take cikin wani gurbi da ake kira soket, a kan babban allon da masu gyara ke ce wa bod, saboda haka ana iya cire ta a sa wadda ta fi ta ƙarfi. A yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka kuwa narke ta aka yi a jikin allon, ba ta fita. Masu neman wannan sauyi galibi su ne masu haɗa bidiyo, masu zanen gine-gine da 'yan wasan gem.

Kamfanoni biyu ne suka riƙe kasuwar, Intel da AMD, duka na Amurka, kuma furosesar kamfani ɗaya ba ta shiga bod ɗin ɗayan. Ko a kamfani guda ma soket na canzawa. Soket ɗin LGA1700 na Intel, wanda ya fito a 2021, yana ɗaukar furosesar Core zubi na 12 da 13 da 14. AMD ta daɗe a kan AM4, wanda furosesarta ta Ryzen ta farko ta hau a 2017. Shi ya sa mai tsohon bod na AM4 sau da yawa yakan iya ɗora Ryzen 7 5800X3D ta 2022 idan ya sabunta BIOS, wato 'yar manhajar da ke cikin bod mai tayar da kwamfuta. AM5, wanda ya biyo baya a 2022, ba ya karɓar RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, sai nau'in DDR5, don haka komawa gare shi na nufin sayen bod da RAM gaba ɗaya.

A Kano, inda ake yawan sayen kwamfutocin ofis na hannu ƙirar HP da Dell, a nan ne mutane ke cin karo da iyaka. Na'ura mai Core i5 zubi na 4 ba za ta wuce Core i7 na zamaninta ba, komai kuɗin mai ita. Windows 11 kuma ba ta amince da furosesar Intel da ta gaza zubi na 8 ba, ga shi Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025. Zuba kuɗi a irin wannan bod asara ce.

Sai maganar zafi, wadda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Core i9-13900K kan ja wuta har wat 253 idan aiki ya yi nauyi, kuma duk wannan zafi yake komawa. Da zarar ta kai digiri 100 sai ta rage gudu da kanta don kada ta lalace. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, ƙaramar fanka ba ta iya riƙe ta, sai mutum ya biya kuɗin gudun da ba zai gani ba. Ƙurar hunturu ma takan toshe haƙoran ƙarfen sanyaya har ta yi kauri kamar auduga. Dole a goge tsohon man da ke isar da zafi zuwa ƙarfen sanyaya, wanda ya bushe a saman furosesa, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake kafin a ɗaure fanka.

Bai kamata a sabunta BIOS ba tare da UPS (na'urar batir mai riƙe wuta) ko inbata ba, domin idan aka ɗauke wuta ana tsakar aikin, bod na iya ƙin tashi. A kuma duba harafin ƙarshen sunan: furosesar Intel mai F ba ta fitar da hoto sai an haɗa ta da katin hoto daban.