Henry Allingham

Henry William Allingham (6 ga Yuni 1896 zuwa 18 ga Yuli 2009) tsohon sojan ruwan Birtaniya ne kuma ma'aikacin masana'antar motoci. Shi ne na ƙarshe da ya rasu daga cikin waɗanda suka halarci gumurzun Jutland, babban faɗan teku da aka yi tsakanin Birtaniya da Jamus a 1916 lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Tasowarsa

An haife shi a unguwar Clapton da ke Landan, kuma tarin fuka ya kashe mahaifinsa tun yana jariri. Bayan makaranta ya fara koyon ƙera kayan tiyata a asibitin St Bartholomew, amma bai daɗe ba ya koma sana'ar ƙera jikin mota.

Aikin soja

Ya so shiga soja tun da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, sai dai rashin lafiyar mahaifiyarsa ya tsayar da shi. Da ta rasu a 1915 ya shiga sashen jiragen sama na rundunar sojan ruwa a matsayin makanike, aka tura shi sansanin Great Yarmouth. A ƙarshen Mayu 1916 yana cikin Kingfisher, wani jirgin kamun kifi da aka mayar na yaƙi, wanda ke ɗauke da ƙaramin jirgin sama mai sauka kan ruwa. Jirgin bai shiga tsakiyar faɗan Jutland ba, rakiya ya yi wa manyan jiragen, amma Allingham ya riƙa ba da labarin harsasan igwa da ya gani suna tsalle a kan teku. A 1917 aka mayar da shi Faransa kusa da Dunkirk, inda yake gyaran jirage da kwaso waɗanda suka faɗi a bayan fagen daga. Ranar 1 ga Afrilu 1918 aka haɗe sashensu da na sojan ƙasa aka kafa rundunar sojan sama, don haka ana lissafa shi cikin mutanenta na farko. An sallame shi a 1919.

Aikin masana'anta

Ya shafe mafi yawan shekarun aikinsa a kamfanin Ford, har da masana'antarsa ta Dagenham, kuma ya yi ritaya wajen 1960. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aikin samar da kariya daga nakiyoyin ruwa masu maganaɗisu na Jamus.

Tsufa da rasuwa

Shekaru da dama bai cika zancen yaƙi ba, sai bayan ya haura ɗari ya fara ziyartar makarantu da tarukan tunawa da mazan jiya. Faransa ta ba shi lambar girmamawa ta Légion d'honneur a 2003. Ranar 11 ga Nuwamba 2008 ya halarci bikin cika shekara 90 da tsagaita wutar Yaƙin Duniya na Ɗaya a Landan tare da Harry Patch da Bill Stone, wasu tsofaffin sojojin yaƙin. Daga 19 ga Yuni 2009 ya zama namiji mafi tsufa a duniya, matsayin da ya riƙe wata guda kacal. Ya rasu yana da shekara 113 a gidan kula da makafin tsofaffin sojoji kusa da Brighton, aka yi jana'izarsa ranar 30 ga Yuli.