Mene ne sigarin lantarki, kuma ina matsayinsa a wajen mai son daina shan taba?

Sigarin lantarki, wanda wasu ke kira sigarin laturoni, a jikin kwalinsa kuma galibi ake rubuta vape, 'yar na'ura ce mai batir da ke ɗumama wani ruwa har ya tashi kamar hazo, mutum ya zuƙa. Babu ganyen taba a cikinsa, kuma ba a kunna masa wuta. Duk muhawarar da ake yi a kansa daga wannan rashin wutar ta samo asali.

Idan aka zuƙi karan sigari, bakin da ke ci yakan kai wajen digiri 900 na zafi. A nan ganye da takarda ke ƙonewa su fitar da sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 daga cikinsu masu jawo ciwon daji ne. Akwai kwalta mai liƙewa a huhu, akwai iskar kabon monoksaid da ke ƙwace wa oksijin gurbi a cikin jini. Nikotin shi ke ɗaure mashayi, amma ba shi ne babban makashin ba. Tun a 1976 Michael Russell, likita mai bincike a Landan, ya faɗi cewa nikotin mutane ke nema a taba, kwaltar ce ke kashe su. A kan wannan fahimta Hon Lik, wani mai harhaɗa magunguna a ƙasar Sin wanda shi kansa mashayi ne, ya ƙera sigarin lantarki irin na yau a 2003.

In ka buɗe na'urar, abubuwa kaɗan za ka tarar: batir, 'yar tankin ruwa, siririyar waya da aka nannaɗe, auduga da ke tsotso ruwan ta kai wa wayar kamar lagwanin fitila, sai bakin da ake zuƙa. In an danna maɓalli, ko an ja iska a irin waɗanda ba su da maɓalli, wayar ta yi zafi, galibi ƙasa da digiri 300, ruwan da ke jikin audugar ya tashi. Ruwan haɗi ne na giliserin, da wani sinadari mai suna furofilin gilaikol, da nikotin, da kayan ƙamshi. Giliserin ke sa hazon ya yi kauri, ɗayan kuma shi ke ɗaukar ƙamshi ya ba da ɗan kartar maƙogwaron da mashayi ya saba ji. Masu cewa tururin ruwa ne zalla ba su faɗi daidai ba. Akwai ƙananan ɓurɓushi a ciki, da ɗan ƙarfen da ke fita daga jikin wayar, kuma yawancin kayan ƙamshin don ci aka gwada lafiyarsu, ba a gwada su don shaƙa cikin huhu shekara da shekaru ba.

Akwai na yarwa, wanda in ruwansa ya ƙare sai shara. Akwai mai ɗan kwanson ruwa da ake cirewa a sauya. Akwai mai tanki da mutum ke ɗura wa ruwa da kansa. Kada a haɗa shi da na'urorin ɗumama taba irin su IQOS, domin su ganyen taba na gaske ake sa musu. Shisha ma daban take: taba ce da garwashi, kuma ruwan tulun ba ya tace gubar hayaƙin.

Lambar da ta fi muhimmanci a jikin kwalbar ita ce ƙarfin nikotin. Ana rubuta shi da miligiram a kowace mililita, ko da kaso cikin ɗari: 2% daidai yake da miligiram 20, 5% kuma wajen 50. Tarayyar Turai da Birtaniya sun ƙayyade kada ya wuce 20, tanki kada ya wuce mililita 2, kwalbar ƙari kada ta wuce mililita 10. A Amurka ana sayar da mai 5%. Don a gane girman abin, kara ɗaya na sigari yana ɗauke da miligiram 10 zuwa 14, amma abin da ke shiga jini bai cika wuce 1 zuwa 1.5 ba. Ke nan mai shan kara 20 a rana yana samun miligiram 20 zuwa 30. Kwanso mai mililita 2 a ƙarfin 20 yana ɗauke da miligiram 40, ko da yake ba duka ke isa jini ba. Akwai kuma nau'in da ake kira gishirin nikotin, wanda kamfanin Juul ya yayata daga 2015. Ana haɗa nikotin da wani asid don ya daina kartar wuya, sai mutum ya iya zuƙar mai ƙarfi ba tare da tari ba. Wannan ya taimaki manyan mashaya, shi ne kuma ya sauƙaƙa wa yaran da ba su taɓa shan taba ba su kamu.

To, yana sa a daina taba? A 2019 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Ingila kan mutum 886 da suka je cibiyoyin taimakon daina shan taba. An ba rabi sigarin lantarki, rabi kuma magungunan nikotin irin su filasta mai mannawa a fata da cingam, kowa kuma ya samu zaman shawara na mako-mako. Bayan shekara guda, kashi 18 cikin ɗari na rukunin farko ba su koma wa taba ba, a rukuni na biyu kuwa kashi 9.9. Sai dai cikin waɗanda suka daina da sigarin lantarki, kashi 80 suna nan suna zuƙarsa, alhali cikin na filasta da cingam kashi 9 ne kawai ke ci gaba da amfani da su. Ƙungiyar Cochrane, mai tattara gwaje-gwajen lafiya, ita ma ta ce hujja ta yi ƙarfi cewa ya fi magungunan nikotin tasiri wajen barin taba. Duk wanda ya kawo maka 18 ɗin ya ɓoye 80 ɗin, ko ya kawo 80 ya ɓoye 18, rabin labari ya ba ka.

Shi ya sa kan ƙasashe ya rabu. Hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta ce a 2015 sigarin lantarki ya fi taba sauƙin illa da kusan kashi 95 cikin ɗari, ƙiyasin da masana da yawa suka soka saboda ra'ayin kwamiti ne, ba awo ba. Indiya ta haramta shi a 2019, Birazil tun 2009. A Ostareliya, daga 2024 sai a kantin magani ake samunsa. Birtaniya ta hana na yarwa daga 1 ga Yuni, 2025. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa shi cikin hanyoyin daina taba da ta amince da su ba. A ƙa'idojinta na 2024 ta lissafa shawarar ma'aikacin lafiya, magungunan nikotin, da ƙwayoyin varenicline, bupropion da cytisine. A ganinmu, mai shan taba ya fara da waɗannan, musamman haɗa filasta da cingam, ko kuma varenicline na mako 12 bisa umarnin likita. Wanda ya gwada ya kāsa, kuma doka ta halatta a inda yake, komawa sigarin lantarki ya fi masa ci gaba da hayaƙi nesa ba kusa ba. Wanda ba ya shan taba kuwa, da matashin da ƙwaƙwalwarsa ba ta gama ginuwa ba, wato har wajen shekara 25, ba abin da zai tsinta sai jaraba. Mai juna biyu ta fara ganin likita ko ungozoma kafin ta taɓa komai mai nikotin.

Ga wanda ya yanke shawarar bin wannan hanya, sharaɗi na farko shi ne ya sauya gaba ɗaya. Ya sa rana, ya zubar da sauran karare da ashana da abin zuba toka, daga ranar ko zuƙa ɗaya kada ya yi. Mafi yawan masu faɗuwa a nan suke faɗuwa: lantarki a wurin aiki, kara biyu ko uku da dare, suna ganin ai sun rage. Illar taba ga zuciya ba ta raguwa daidai da yawan kara. Wani babban nazari da aka buga a 2018 ya nuna mai shan kara ɗaya tak a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki na mai shan 20. An gudu ke nan ba a tsira ba.

Kuskure na biyu shi ne farawa da ruwa mai rauni don tsoron nikotin. Mai shan kara 20 ko fiye, ko wanda ke kunna na farko cikin minti 30 da tashi daga barci, yana buƙatar ƙarfin 18 zuwa 20 a ƙaramar na'ura. Mai shan wajen 10 zai iya farawa da 12, wanda bai kai haka ba da 6. In ƙarfin ya gaza, ƙawa ba za ta kwanta ba, sai mutum ya yini da na'ura a baki, ƙarshe ya ce ba ta aiki ya koma gidan jiya. In ya yi yawa, jiki zai faɗa: tashin zuciya, jiri, ciwon kai, bugun zuciya da sauri. Sai a ajiye, a sauka mataki ɗaya. Manyan na'urori masu fitar da hazo tuli suna cin ruwa da yawa, don haka 3 ko 6 ake sa musu.

Yadda ake zuƙar ma daban ne. Hayaƙin taba yana kai nikotin ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20, yawancin na'urori kuwa sun fi haka jinkiri. Ja ake yi a hankali na daƙiƙa uku ko huɗu, ba fizga ba, a yi kamar sau goma, a ajiye, a jira 'yan mintoci. Tari da bushewar baki a makon farko abu ne da aka saba gani. Shan ruwa yana rage su. Kada a ɗauka ƙawa ba za ta zo ba sam. Takan fi tsanani a kwana biyu zuwa uku na farko, ta lafa cikin mako biyu zuwa huɗu, kuma kowane tasowarta 'yan mintoci ne.

Na'urar tana da nata matsalolin. In an sa sabuwar waya, a cika tanki a bar shi minti biyar zuwa goma audugar ta jiƙe. In ba haka ba, ko in ruwa ya kusa ƙarewa, ko ana ja ba hutawa, audugar ta bushe ta babbake. Ɗanɗanon ƙauri da ake ji alama ce ta cewa zafin ya wuce kima, ruwan yana rikiɗewa zuwa fomaldihaid da danginsa masu guba, don haka a tsaya. Waya takan yi mako ɗaya zuwa biyu, ruwa mai zaƙi sosai yana saurin kashe ta. Batirin litiyom yana iya kamawa da wuta: a yi caji da cajar da ta dace, kada a bar shi a caji a kwanta, kada a jefa batir tsirara cikin aljihu tare da makulli ko kuɗin ƙarfe, kada kuma a sa shi cikin jakar da za a loda a ƙasan jirgin sama. Kwalba mai mililita 10 a ƙarfin 20 tana ɗauke da miligiram 200 na nikotin, wanda ya isa ya halaka ƙaramin yaro, ga shi kuma tana ƙamshin alewa. A kulle ta. In yaro ya sha, asibiti kai tsaye, kada a tsaya sa shi amai.

Kada a zuba komai a tanki in ba ruwan da aka yi dominsa ba. A 2019 wata cutar huhu ta ɓarke a Amurka, zuwa Fabrairun 2020 ta kwantar da mutum fiye da 2,800, ta kashe 68. Da aka bi diddigi, yawancinsu ruwan wiwi na bayan fage suka sha, wanda aka sirka da wani mai na bitamin E. Huhu ba ya jure mai.

Wani abin da ba a cika faɗa ba: hayaƙin taba yana sa hanta ta riƙa saurin narkar da wasu magunguna, kuma hayaƙin ne ke yin haka, ba nikotin ba. Saboda haka ko sigarin lantarki aka koma, hanta za ta rage gudu cikin 'yan kwanaki, maganin ya taru a jini. Masu shan clozapine ko olanzapine na taɓin hankali, da theophylline na asma, lallai su sanar da likita kafin ranar dainawa domin a duba ko za a rage musu. Haka kafeyin na cikin kofi da shayi: abin da mutum ya saba sha zai yi masa ƙarfi kusan ninki biyu, ya hana shi barci, ya sa shi rawar jiki, shi kuma ya ɗora laifin a kan rashin taba. Rage shi da rabi yana warware wannan.

Saura fita daga na'urar kanta, abin da kashi 80 ɗin nan ba su yi ba. Ba a gaggawa. Wanda ya sauka da wuri yakan koma wa taba, wadda ta fi muni. Bayan wata biyu ko uku ba tare da kara ko ɗaya ba, sai a fara sauka: daga 18 zuwa 12, zuwa 6, zuwa 3, zuwa wanda babu nikotin, ana ba kowane mataki makonni. A lura da yawan ruwan da ke ƙarewa a rana, domin in an rage ƙarfi da rabi amma ana shan ninki biyu, ba a sauka ba, hazo kawai aka ƙara wa huhu. Tunda na'urar ba ta ƙarewa kamar kara, sai mutum ya sa mata iyaka da kansa: ba a ɗakin kwana ba, ba a mota ba, sai a lokutan da ya tsayar. In a wani mataki ƙawar taba ta dawo da ƙarfi, a koma matakin baya a ƙara wata guda, ko a cike giɓin da cingam mai miligiram 2: a tauna shi har ya fara yaji, a maƙale shi tsakanin kunci da dasashi, in yajin ya lafa a sake taunawa, haka har wajen minti 30.