Ƙorafi kan kuskuren alƙalin wasa a besbol na sakandaren Amurka

A wasan besbol na makarantun sakandare a Amurka, ƙorafi hanya ce da kocin ƙungiya ke bi idan yana ganin alƙalin wasa ya karkata doka. Yawancin jihohi suna amfani da kundin dokokin NFHS, hukumar da ke haɗa hukumomin wasannin sakandare na jihohi, wadda aka kafa a 1920 kuma hedikwatarta ke Indiyanafolis. Amma kundin bai tilasta wa kowace jiha karɓar ƙorafi ba. Hukumar wasanni ta jiha ce ke yanke shawara, kuma jihohi da dama sun rufe ƙofar gaba ɗaya: abin da aka yanke a fili ya yanku.

Ko inda aka yarda da ƙorafi, ba kowane hukunci ake ɗaukaka ba. Dokar ta raba kuskure gida biyu. Akwai abin da alƙali ya gani da idonsa, kamar ko ƙwallo ta faɗi cikin fili ko waje, ko mai gudu ya riga ƙwallo isa matsaya. Wannan babu jayayya a kansa, ko da duk 'yan kallo sun ga akasin haka. Sai kuma kuskuren fahimtar doka, kuma shi kaɗai ne ake kai ƙara a kansa. Koci zai sanar da babban alƙali nan take, kafin a sake jefa ƙwallo. Idan ya yi jinkiri har aka jefa, damarsa ta wuce.

Irin wannan kuskure yana iya tasowa daga cakuɗa kundi biyu, na makaranta da na ƙwararru. Alƙali ɗaya kan hura wasan makaranta a bazara, sannan ya koma gasar da ke bin dokokin ƙwararru idan an yi hutu. A dokar NFHS, idan mai jifa ya yi motsin yaudara da aka haramta, wasa yana tsayawa nan take, ko da mai bugu ya doke ƙwallon ta haye katanga. A wajen ƙwararru ana barin wasan ya gudana tukuna. Haka nan a wasan sakandare, ɗan wasan da aka fara wasan da shi yana iya fita ya dawo sau ɗaya, abin da ƙwararru ba su yarda da shi ba. Ga shi kuma wasan sakandare zagaye 7 ne, sau da yawa alƙalai biyu ne kacal ke riƙe da shi, babu bidiyon da za a sake dubawa.

Misalin da aka fi ambata ba daga makaranta ya fito ba. Ranar 24 ga Yuli 1983, alƙali Tim McClelland ya soke bugun George Brett na Kansas City Royals a karawa da New York Yankees, saboda ɗanƙon da ya shafa a sandarsa ya wuce inci 18 da doka ta yarda. Shugaban gasar American League da ƙungiyoyin biyu ke ciki, Lee MacPhail, ya amince da ƙorafin Royals, aka ci gaba da wasan ranar 18 ga Agusta, Royals suka ci 5–4. Babbar gasar besbol ta ƙwararru, MLB, ta daina karɓar ƙorafi bayan kakar 2019.