Kalmomin Ingilishi Masu Rikitarwa

Kalmomin Ingilishi masu rikitarwa su ne waɗanda marubuta ke yawan sa ɗaya a gurbin 'yar'uwarta, ko dai don sautinsu ya zo ɗaya, ko rubutunsu ya yi kama, ko kuma ma'anarsu ta yi maƙwabtaka har iyakar da ke tsakaninsu ta dushe. Galibi bibbiyu suke zuwa, kamar *affect* da *effect*, wani lokaci kuma uku, kamar *their* da *there* da *they're*. Matsalar ba ta masu koyo ba ce su kaɗai. Waɗanda suka tashi da harshen a baki ma tana kama su, har akwai kurakuran da suka fi yawa a wajensu, domin da kunne suka fara sanin kalma, sai daga baya suka gan ta a takarda.

Asalin rikicin

Ingilishi yana da haruffa 26, amma sautukan da ake furtawa a daidaitaccen karin Birtaniya sun kai kimanin 44. Wannan giɓi kaɗai ya isa ya jawo cinkoso. Sai dai babban dalilin yana cikin tarihi: rubutu ya tsaya wuri ɗaya, baki kuwa ya ci gaba da tafiya. A 1476 William Caxton ya kafa injin ɗab'i na farko a Ingila, a Westminster, daga nan yadda ake rubuta kalmomi ya fara daskarewa sannu a hankali. A daidai wannan zamani, daga wajen 1400 zuwa 1700, dogayen wasulan harshen suna ta sauya furuci, abin da masanin harshe ɗan ƙasar Denmak, Otto Jespersen, ya raɗa wa suna Babban Sauyin Wasula. Kafin sauyin, *meet* da *meat* ba wasali ɗaya suke da shi ba, kuma rubutunsu na yau shaida ne na wancan bambanci da kunne ya daina ji. Wasu baƙaƙen ma haka suka yi shiru. Da can ana furta *k* ɗin da ke farkon *knight*, ana furta *w* ɗin *write*. Da suka faɗi daga baki, sai *knight* ta haɗe da *night*, *write* ta haɗe da *right* da *rite*.

Dalili na biyu shi ne aro. Bayan mutanen Normandi sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a na tsawon ƙarnuka, dubban kalmominsa suka kwarara cikin Ingilishi, daga baya malamai suka ƙara ɗebo wasu kai tsaye daga Latin. Ta haka tushe ɗaya kan shigo sau biyu ta ƙofofi daban. *Complement*, abin da ya cike wani abu, da *compliment*, yabo, duk daga kalmar Latin ɗaya suke, sai dai ta biyun ta zagayo ta Sifaniyanci da Italiyanci da Faransanci kafin ta iso. *Discreet*, mai kawaici da riƙe sirri, da *discrete*, abin da ke ware shi kaɗai, su ma uwa ɗaya ta haife su.

Akwai kuma kalmomin da a cikin gida suka rabu. *Then* da *than* kalma ɗaya ce a da, sai wajen 1700 rubutu ya raba musu aiki, ɗaya ta ɗauki lokaci, ɗaya ta ɗauki kwatance. *Too* ba kowa ba ce illa *to* da aka furta da ƙarfi. *Flour* da *flower* ma haka, har ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755 bai raba su ba. *Stationery*, kayan rubutu, ta samo suna ne daga mai sayar da littattafai da ke da mazauni tsayayye, ba ya yawon talla, saboda haka danginta ɗaya da *stationary*, abin da ba ya motsi. Wanda ya san wannan tarihi ya san cewa ba ƙarancin basira ke sa a rikice ba. Harshen ne ya ajiye tagwaye ya ce a bambance su da harafi ɗaya.

Ɗan waƙafin sama

Ɗaya daga cikin kurakuran da suka fi yawo a rubutun yau da kullum yana tattare da ɗan waƙafin nan na sama, irin wanda Hausa ke sawa a *sa'a*. A Ingilishi aiki biyu yake yi: yana nuna mallaka a kan suna, kamar *the teacher's pen*, yana kuma nuna inda aka yanke harafi, kamar *don't*. Hannu ya saba da aikin farko, sai ya kai shi kan wakilin suna, alhali wakilan suna na mallaka ba sa ɗaukarsa. Ana rubuta *his* da *hers* da *ours* da *theirs* ba tare da shi ba, kuma *its* a cikin wannan sahu take. *It's* kuwa taƙaitawar *it is* ce ko *it has*.

Gwajin mai sauƙi ne, kuma ba ya ƙarya. A warware kalmar a karanta jimlar. Idan *it is* ko *it has* ta zauna daram, to waƙafin yana da gurbi. Idan jimlar ta karye, kamar a ce *the dog wagged it is tail*, to *its* ake nema. Gwajin nan ɗaya shi ne maganin *you're* da *your*, da *who's* da *whose*, da *they're* da *their*. Ita *there* tana nuna wuri, kuma *here* na zaune a cikinta ga mai son abin tuni. *Their* baƙuwa ce daga harshen mutanen Sikandinebiya da suka zauna a arewaci da gabashin Ingila, *there* kuwa 'yar gida ce tun Tsohon Ingilishi, furuci ne ya haɗa su.

Ya kamata a yi wa masu wannan kuskure adalci. *Its* sabuwar kalma ce idan aka kwatanta da sauran, sai a ƙarshen ƙarni na 16 ta bayyana, kafin nan *his* ake amfani da ita har ga abubuwa marasa rai. Kuma marubuta masu ilimi sun daɗe suna rubuta ta mallakar da waƙafi, har zuwa farkon ƙarni na 19. A yau dai ƙa'idar ta zauna, babu editan da zai bar ta ta wuce.

Dangin wannan kuskure shi ne *could of* da *should of*. A magana *could've* sautinta ɗaya da *could of*, shi ya sa 'yan asalin harshen suka fi yin sa, wanda ya koyi nahawu a aji kuwa ya san *have* ce a wurin.

Suna ne ko aikatau

Tagwaye da yawa suna warwarewa da tambaya ɗaya: wane aiki kalmar ke yi a jimla? *Affect* galibi aikatau ce, yin tasiri a kan abu. *Effect* galibi suna ce, sakamakon da ya biyo baya. Ruwan sama yana *affect* ɗin tafiya, jinkirin da aka samu kuma shi ne *effect* ɗinsa. Idan *the* ko *an* za ta iya shiga gaban kalmar, kusan kullum *effect* ce. An ce kusan, domin kowace tana da fuska ta biyu. *Effect* takan zama aikatau da ma'anar samar da abu, kamar *to effect a change*, kawo sauyi daga babu. *Affect* kuma suna ce a ilimin halayyar ɗan Adam, inda take nufin yanayin zuciya da ake gani a fuska da murya.

*Advice*, shawara, suna ce, *advise* aikatau ce, kuma kunne na jin bambancinsu, ta farko da *s* take ƙarewa a furuci, ta biyu da *z*. Wannan ya sa suka zama ma'auni ga *practice* da *practise*, da *licence* da *license*, waɗanda sautinsu ɗaya ne amma a Birtaniya tsarin rubutunsu iri ɗaya ne da na farkon: *c* ga suna, *s* ga aikatau. Amurka ba ta bin wannan. Can *practice* ce ga duka biyun, *license* ma ga duka biyun. Yawancin bambancin rubutu tsakanin ƙasashen biyu ya samu gindin zama ne ta ƙamus ɗin Noah Webster na 1828, kuma abin da ake so ga marubuci shi ne ya zaɓi tsari ɗaya ya riƙe shi daga farkon rubutu zuwa ƙarshe.

*Lose*, rasa abu ko shan kaye, aikatau ce, *loose* sifa ce, abu mai sako-sako. *Principle* suna ce kawai, aƙida ko ƙa'ida, *principal* kuwa na nufin babba ko shugaba, ko uwar kuɗi a harkar bashi.

Inda ma'ana ta yi kusa

Wasu kalmomin ba su yi kama a ido ko a kunne ba, abu ɗaya suke kallo daga ɓangare biyu. *Lend* ta mai bayarwa ce, *borrow* ta mai karɓa. Harsunan da ke yin aikin biyu da tushe ɗaya, kamar yadda Hausa ke cewa na ari littafi da na ara masa littafi, su ne masu magana da su kan ce *borrow me*, inda daidaitaccen Ingilishi ke son *lend me*. Haka *teach* da *learn* suke ga wanda ya saba da koya wa da koya. Mai magana shi ke *imply*, ya yi hannunka mai sanda, mai sauraro shi ke *infer*, ya gano inda aka dosa. Mai barin ƙasa *emigrate* ya yi idan an dube shi daga inda ya fito, *immigrate* idan an dube shi daga inda ya sauka.

*Lie* da *lay* sun fi duk waɗannan wuya, kuma ba abin kunya ba ne a duba su a ƙamus kowane lokaci. *Lie*, kwantawa, ba ta son karɓau, wato abin da aikin ya faɗa a kansa. *Lay*, kwantar da wani abu, dole sai da karɓau. Tarkon yana cikin shuɗaɗɗen lokaci, domin na *lie* shi ne *lay* ɗin kanta, sannan *lain*, na *lay* kuwa *laid*. Ga kuma wata *lie* ta daban, yin ƙarya, wadda shuɗaɗɗen lokacinta *lied* ne.

Akwai guda ɗaya da kuskurenta kan iya cin rai. *Inflammable* da *flammable* ma'anarsu ɗaya, abu mai saurin kama wuta. *In* ɗin farkon ba na korewa ba ne irin na *invisible*, daga aikatau na Latin mai nufin cinna wuta yake. Saboda mutane suna ɗauka akasin haka ne masu rubuta gargaɗi suka koma ga *flammable*, kishiyarta kuma *non-flammable*.

Waɗanne kalmomi ne za su rikita mutum ya danganta da karin da ya saba ji. A yawancin Ingila, inda ba a furta *r* bayan wasali, *father* da *farther* sautinsu ɗaya, haka *sauce* da *source*. A jihohin kudu na ƙasar Amurka *pin* da *pen* ne suka haɗe. Mai harshen Larabci yakan haɗa *p* da *b*, mai Jafananci *l* da *r*, mai Hausa *p* da *f*, sai *pull* ta fito a gurbin *full*.

Inda masana suka saɓa

Ba duk abin da ake kira kuskure ne kuskure ba. Ana koyar da cewa *fewer* ta abin ƙirgawa ce, *less* ta abin aunawa. Ƙa'idar tana da amfani a rubutun hukuma da na makaranta, amma asalinta ra'ayin wani marubuci ne, Robert Baker, wanda a 1770 ya ce shi a ganinsa *fewer* ta fi kyau, alhali an shafe ƙarnuka ana sa *less* a kan abin ƙirgawa tun zamanin Sarki Alfred na Ingila ta ƙarni na 9. Har yau idan ana maganar kuɗi ko lokaci ko nisa, *less than ten years* ita ce daidai. *Disinterested*, mara son rai, da *uninterested*, wanda abu bai dame shi ba, bambanci ne da ya cancanci a kiyaye, musamman a maganar alƙali ko mai shiga tsakani, ko da yake a ƙarni na 17 ma'anonin nasu a juye suke. *Whom* kuwa tana ja da baya a magana, amma bayan kalmomi irin su *to* da *for* tana nan daram, kuma idan amsar tambayar *him* ce, to *whom* ce ta dace.

Ƙamus da na'ura

Manhajar gyaran rubutu ta asali kalmar da babu ita a jerinta kawai take kamawa, shi ya sa *form* a gurbin *from* kan wuce ta salin-alin. Wani lokaci ma ita ke kawo ɓarnar. Wasu tsofaffin manhajoji ba su san *cooperation* ba sai mai karan ɗori, sai su musanya ta da Cupertino, sunan wani gari a Kalifoniya, har sunan garin ya shiga takardun hukumomin ƙasa da ƙasa. Sababbin manhajoji suna duba jimla gaba ɗaya, sun fi na da nesa ba kusa ba, amma ba su san abin da ke zuciyar marubuci ba. Jimlar da ke cewa wata doka za ta *affect* sauyi da wadda ke cewa za ta *effect* sauyi duk lafiyayyu ne a nahawu, ta farko tana nufin taɓa sauyin da ke tafe, ta biyu tana nufin haifar da shi.

Saboda haka masu tace rubutu sukan dogara da 'yan dabaru na hannu. Sukan duba misalan jimla a ƙamus, ba fassarar kalma kaɗai ba, domin a misali ake ganin abokan tafiyarta, kamar yadda *comply* ke tafiya da *with*. Sukan bar rubutu ya kwana kafin su sake karantawa, saboda ido yakan ga abin da aka yi niyyar rubutawa maimakon abin da ke kan shafi. Kowane marubuci kuma yana da 'yan tagwayen da suka saba kayar da shi, ba su cika yawa ba, kuma da an rubuta su wuri ɗaya ana iya bin su ɗaya bayan ɗaya da maɓallin bincike na kwamfuta kafin a aika da rubutun.