Shingen harshe: me ake nufi da shi, kuma a ina yake ɓuya?

An fi jin "shingen harshe" a rediyo da bakin ma'aikatan agaji, musamman tun 2013 da rikicin Boko Haram ya koro dubban mutanen Borno zuwa sansanin Minawao, kusa da Mokolo a arewacin Kamaru. Waɗanda suka zo, da Hausa, Barbarci, Mafa da harsunan duwatsun Gwoza suka zo, masu rubuta sunayensu da raba musu hatsi kuwa yawancinsu da Faransanci suka yi boko. Abin da ake nufi shi ne duk abin da ya gitta tsakanin nufin mai magana da abin da mai sauraro ya ɗauka, ko don harshensu ba ɗaya ba ne, ko don harshen ɗaya ne amma tarbiyyar da ta raini kowannensu daban take. Kashi na biyun nan shi aka fi mantawa da shi, kuma a ganina shi ya fi ɓarna.

Yawan harsuna ba baƙon abu ba ne a nan. Kamaru na da sama da 250, Cadi fiye da 120. Gwamnatin Yawunde na aiki da Faransanci da Ingilishi, ta Njamena da Faransanci da Larabci. Kasuwa dai ba ta jira gwamnati ba. Tun jihadin da Modibbo Adama ya jagoranta daga 1809, wanda ya kafa sarautar Fulani da ƙarfi a Garwa, Marwa da Ngaundere, Fulatanci ya zama harshen haɗuwa a arewacin Kamaru, da shi mutumin Giziga ke ciniki da na Tupuri. Kana tsallaka gadar Ngeli daga Kusuri ka shiga Njamena, Larabcin Cadi ya karɓi aikin. Bahaushe kuwa, ɗan fatauci, ya ɗebi kowanne gwargwadon cinikinsa.

To ina shingen yake? In mutum biyu ba su haɗa ko kalma guda ba, kowa ya san halin da ake ciki, sai a kira tafinta ko a yi da hannu. Matsalar tana inda kowa ke ganin ai yana ji.

Ɗauki lissafin sefa, kuɗin Kamaru da Cadi. Bahaushe da dala yake ƙirga, dala ɗaya sefa 5. Balaraben Cadi da riyal, shi ma sefa 5. Mai tebur a kasuwar Njamena ya ce maka "miya", wato ɗari, amma riyal ɗari yake nufi, sefa 500. Baƙon da ya tsinci lambobin Larabci a makarantar allo sai ya zaro sefa 100 ya miƙa, mai kaya ya ɗauka raini ne, shi kuma baƙo ya ɗauka an canja masa magana don an ga ba ɗan gari ba ne. Da an faɗi farashin da Faransanci, ɗari ɗari ce cif. Wannan da sauƙi, ana iya rabuwa da dariya.

A asibiti babu dariya. Likita ɗan kudu ne, Faransanci yake ji da ɗan Fulatancin gaisuwa. An kawo tsohuwa Bahaushiya, ɗanta ne tafinta. Likita ya tambaya yaya jiki, ɗan ya juya ya ce, "Inna, wai yaya jikin?" Ta ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Ɗan ya mayar masa daidai yadda ta faɗa, likita ya rubuta cewa magani ya karɓe ta. Alhali duk wanda ya tashi cikin Hausawa ya san mai jinya ko a bakin kabari yake "da sauƙi" zai ce, don godiya ce ga Allah da ladabi ga mai gaisuwa, ba rahoton lafiya ba. Tafinta bai yi ƙarya ba, likita bai yi sakaci ba, amma an sallami mara lafiya da ciwonta. In kuma ciwon na mata ne, ai ba za ta buɗe baki gaban ɗan cikinta ba. Za ta ce ciwon ciki, ta tsaya nan, shi ma ba zai ƙara tambaya ba.

Haka alkunyar ɗan fari. Ma'aikaciyar rigakafi ta tambayi matashiyar uwa sunan jaririnta, ta sunkuyar da kai ta yi shiru, ko ta dubi ƙanwar mijinta don ta faɗa. Wanda bai san al'adar ba zai zaci ba ta gane tambayar ba, ko ɗan ba nata ba ne. Fulani ma suna da wannan cikin pulaaku, wato ɗabi'ar kunya da kamun kai ta Fulani, har da ƙin nuna zafin ciwo ko yunwa gaban surukai da manya. Sai kuma kallon ido. Yaronmu an koya masa kada ya ɗaga ido ya dubi babba, jandarman da ya samu horo irin na Faransa kuwa in ya ga mutum yana kallon ƙasa sai ya ce akwai abin da yake ɓoyewa. Ga kuma "to", wadda sau da yawa "na ji ka" ce kawai, ba "na yarda" ba, bare "na gane".

In abin ya hau matakin ƙasa, ya wuce rashin fahimta. A Oktoban 2016 lauyoyin Bamenda da Buea, a yankin masu Ingilishi na Kamaru, suka shiga yajin aiki, suna kukan ana turo musu alƙalai masu Faransanci, kuma dokokin kasuwanci na OHADA, wato na haɗin gwiwar wasu ƙasashen Afirka, ba su da fassarar Ingilishi. Malaman makaranta suka bi, zuwa 2017 har an ɗauki makami. Gwamnati ta kafa hukumar bunƙasa harsuna biyu a Janairun 2017, ta kuma yi doka kan harsunan hukuma a Disamban 2019. Duka dai zancen Faransanci da Ingilishi ne. Tsohuwar da ke zaune kan benci a asibitin Marwa ba ta jin ko ɗaya cikinsu, kuma mai fassara mata yawanci ɗan rakiya ne, ko mai shara da aka ƙwala wa kira.

Malaman asibitin da suka daɗe a arewa sun daina tambayar yaya jiki in ba a gaisuwa ba. Sai su ce, "Inna, jiya kin yi barci? Kin ci tuwo ko kunu kawai kika sha? Nuna min wurin da hannunki." In ciwon na kunya ne, su fitar da ɗan waje su kira mace. In sun ba da magani, ba sa karɓar "to". Sukan ɗaura shan ƙwayar da lokutan salla, ɗaya bayan asuba, ɗaya bayan azahar, ɗaya bayan lisha, sannan su sa ta maimaita da bakinta kafin ta tashi.